Noti Biyun Sama

Duk wanda ya taɓa sauke giyar a-kori-kura ya san noti biyun nan. Inda giya ta haɗu da inji akwai wani ƙarfe mai faɗin baki kamar babban kwano, a cikinsa kuloci yake zaune, mu bakin giya muke ce masa. Noti takwas ne suke ɗaure da shi. Shida na ƙasa da na gefe ba su da wata wahala, da ido rufe ma mutum zai lalubo su. Amma akwai biyu can sama, a maƙale tsakanin bayan inji da bangon da ya raba injin da ƙafafun direba. Ido ba ya ganinsu. Hannu da ƙyar yake kaiwa, in ya kai kuma sifana ba ta samun wurin juyawa. Su ne suka fitar da ni daga Goronyo, suka raba ni da kawuna har shekara takwas.

Lokacin ba yaro ba ne ni. Ina da mata da 'ya'ya biyu, na kuma yi shekara goma sha biyu a garejin maigidana. Ba zan rage masa komai ba, mutumin ya iya aiki. Da kunne kawai yake gane ciwon inji tun mota ba ta gama tsayawa ba. Haƙuri ne Allah bai ba shi ba. In an zo canza kuloci, cire biyun sama dole ne, sai a kwanta a kan inji da lanƙwasasshiyar sifana ana juyawa kaɗan-kaɗan har su fita. Mayarwa ce ba ya yi. Ya ɗaure shida, ya buga bonet, ya ce a tayar. Ni kuwa in aikin a hannuna yake sai na mayar, ko da zan yi awa guda fatar yatsuna tana salewa. Yana zaune a kan benci yana mini dariya, yana cewa direbobi, “Ku yi haƙuri, Malam na can shina gyaran abin da Allah kaɗai ka gani.”

Kawu ƙanen mahaifiyata ne. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, shi ya kama hannuna ya kai ni garejin ya ce a koya mini sana'a. Albasa yake nomawa a fadamar da ke ƙasan dam. Ya daɗe yana haɗa kan 'yan abubuwansa kafin ya sayi tsohuwar a-kori-kura, don ya daina roƙon masu mota lokacin kwashe albasa. Da kulocinta ya ƙone sai ya kawo ta garejinmu, yana faɗa wa kowa cewa wurin ɗansa ya kawo. Da safe na kwance ta, yana tsaye yana kallona a ƙarƙashinta, sannan ya tafi gona. Bayan azahar aka aiko mini surukina ya rasu a Maikujera. Na wanke hannu na hau babur. Maigidana ya ce in tafi, shi zai rufe aikin.

Bayan sati uku motar ta ɗauko albasa za ta Sakkwato. Kusa da mararrabar Wurno ta faɗa wani rami da kaya a kanta, bakin giya ya tsage daga sama har ƙasa. Kafin a samu wata motar da za ta kwashe kayan, albasar ta kwana biyu a buhu cikin rana, fiye da rabi ta ruɓe. Noman shekarar ke nan. Aka jawo motar gareji ranar kasuwa, wurin cike da direbobi da 'yan kallo. Maigidana ya cusa hannu bayan injin, ya yi kamar yana lalube, ya fito da shi yana girgiza kai.

“Malam, noti biyun sama babu su,” ya ce wa Kawu, da ƙarfi yadda kowa zai ji. Sai ya juyo ya dube ni. “Kai kak kwance ta. To, ɗanka na, Malam, ni ba ni cewa komi.”

Na yi shiru. Wanda ba ɗan wurinmu ba zai ce wauta ce, kuma yanzu ni ma na yarda wauta ce. Amma a yadda aka tashe mu, mutum ba ya ƙaryata maigidansa a gaban jama'a, balle a gaban wanda ya damƙa shi a hannunsa. Na sunkuyar da kai ina jiran mutane su watse, ina da tabbacin zai ja Kawu gefe ya gaya masa gaskiya. Jama'a kuwa suka ɗauki shirun nan a matsayin amsa laifi. Kawu ya dube ni ya ce, “Ni kay yi ma haka?” Ya juya ya tafi.

Da la'asar na sami maigidana shi kaɗai yana wanke hannu da fetur. Na ce, “Maigida, ka san ba ni na ba.”

“Na sani,” ya ce, ko kunya babu a fuskarsa. “To mi kaka so? In hita kasuwa in ce ni na? Kai ɗanai na, kwana biyu shina yahe ma. Ni in sun ji, gareji ya mutu.”

Washegari na je gidan Kawu na durƙusa na faɗa masa duk yadda aka yi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “In kana da gaskiyakka, mi yah hana ka hwaɗi gaban mutane?” Daga nan ya rufe maganar. Abin da ya fi ƙona mini rai, maigidana ya nemo wani tsohon bakin giya ya ɗaura wa motar, ya ce taimako ne, Kawu ya riƙa sa masa albarka. Ni kuwa direbobi suka laƙaba mini ɓarawon noti. Ba wanda ya sake yarda in kwanta ƙarƙashin motarsa. Kafin damina na kwashe iyalina muka koma Rabah, na kafa rumfar kwano kusa da tasha.

A Rabah na zama mutum mai abu ɗaya a zuciya. Ina cin abinci ina tunanin noti biyun nan, ina aiki ina tunaninsu. Na rantse sai na samo hanyar kai musu wadda ba ta cin fatar hannu, don kada wani ya sake cewa ba a iya mayar da su. A kan wata matacciyar mota da aka yar a bayan tasha na gano abin. Ashe kuskurenmu shi ne neman su daga sama. In ka cire farfela, dogon ƙarfen da ke haɗa giya da tayoyin baya, ka sa jak a ƙarƙashin giya, ka kwance ƙarfen da ke tallafe da ita, ka sauke wutsiyarta kamar faɗin tafin hannu, sai injin ya ɗan kwanto baya. Wata 'yar hanya takan buɗe a kan gadon bayan giyar. Kana kwance can baya, wajen tsakiyar mota, za ka hango kawunansu biyu suna kallonka.

Saura abin da zai kai can. Na je Wurno wurin wani mai walda da rodi uku da wata gaɓa da na ciro daga tsohon sitiyari, ya haɗa mini su suka zama sanda ɗaya da ta fi hannuna tsawo, kanta yana lanƙwasa ko'ina. Sau uku muna ɓatawa kafin ta yi daidai. In zan mayar da noti, sai in ɗora 'yar leda a kansa in danna shi cikin soket, ya kama gam, ba ya faɗuwa a hanya. Aikin da nake yi a awa guda da jini a yatsu ya koma na minti goma sha biyar.

Daga nan na fara ramuwa, a hankali. Duk motar da ta shigo rumfata daga wajen Goronyo, ko taya aka zo gyarawa, sai na tambayi direban wa ya yi masa kuloci. In ya ambaci maigidana, sai in karɓi wayarsa in kunna fitila da bidiyo, in zura ta bayan inji, in miƙa masa. Ramuka biyu ba noti, cike da ƙasa. Ban taɓa zagin mutumin ba, ban taɓa ƙara ko kalma ɗaya ba. In mayar musu da noti, su hau mota, su kai labarin tasha da bakinsu. Ina jin yadda garejinsa ke raguwa, yau an ce ma'aikaci ɗaya ya tafi, gobe an ce 'yan ƙungiyar direbobi sun daina kai masa. Duk sanda na ji sai abinci ya ƙara mini daɗi. Amma Kawu ba ya zama a tasha. Da maganar ta kai masa cewa ya yi hassada ce ta 'yan sana'a ɗaya, ya ci gaba da kai motarsa can.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa ko matata ba sai daga baya. Babban ɗan Kawu, taubashina, shi ya karɓi tuƙin motar. Tsaranmu ɗaya, tare muka tashi, tun muna yara ba ma haɗuwa sai da tsiya, kuma shi kaɗai a gidan bai daina zuwa wurina ba. Yakan ɗauki hatsi da albasa tsakanin Goronyo da ƙauyukan Shinaka, a shekarun da hanyar ta lalace da 'yan bindiga, mutane ba sa bin ta sai da addu'a a baki. In ya biyo ta Rabah sai ya ajiye motar a gaban rumfata mu ci kifi. Wata rana, bayan ya ji surutun tasha, ya ce, “Kai ɓarawon noti, diba min tawa mana, ko ita ma an yi mata sata.”

Na zura hannu. Babu su, kamar yadda na sani. Na tsaya da hannuna a ciki ina lissafi. In na nuna masa, Kawu zai ce ni na cire su yanzu don in ɓata mutum. In na mayar da su shiru, shaidata ta tafi. Abin da nake so shi ne motar ta sake tsagewa ina can nesa, ba hannuna a ciki, Kawu ya gani da idonsa. Na zaro hannuna na goge da tsumma na ce, “Lahiya lau take.” Sandata tana jingine taku uku daga inda muke tsaye. Ban roƙi Allah ta fashe ba, don ina jin kunyarsa, amma na jira. Shekara bakwai ina jira, tsinanniyar motar ta ƙi fashewa, har Kawu ya sayar da ita.

Ya sayi wata, irin wadda ake shigowa da ita daga waje, ba a taɓa buɗe cikinta ba. A farkon kwasar albasa ta kafe a yashin fadama da kaya, taubashina ya yi ta murza ta har kuloci ya ƙone. Aka kai wa maigidana. A lokacin ya haura sittin, ba ma'aikaci ko ɗaya a hannunsa. Notin sama kuwa tun daga kamfani suke ɗaure, tsatsa ta kama su. Kwana uku yana kansu, ya cinye kan ɗaya har sifana ba ta kama shi, albasa kuma tana zube a gona.

Da hantsi taubashina ya kira ni. “Kai, ɗauko sandakka ka taho. Baba bai san na kira ka ba.”

“To hwaɗa mai,” na ce. “In ba shina zamne wurin ba, ba ni tahowa.”

Na ɗaure sandar a bayan babur. Tun daga Rabah har Goronyo ban ji zafin rana ba. Ranar kasuwa ce kuwa, kamar na yi oda. Na sami Kawu zaune a kan benci da sandarsa ta tsufa, ya rame, gemunsa ya yi fari fat. Na gaishe shi ya amsa a taƙaice. Sannan na je gaban maigidana na durƙusa har ƙasa, na ce, “Maigida, ina kwana. An ce kana nemana.” Ba shi ya neme ni ba, kowa ya sani. Ya amsa a ciki, ya koma teburin mai shayi ya juya mana baya, wai shi ba zai kalli yadda zan yi ba. Wannan girman kan nasa shi ya ƙarasa shi.

Na shiga ƙarƙashi. Na cire farfela, na sauke wutsiyar giya, hanya ta buɗe. Notin da maigidana ya cinye wa kai na zaɓo masa soket da ya ɗan fi shi ƙanƙanta, na buga gindin sandar da guduma har ya shige, na danna. Ya yi ƙara ya saki. Na biyun bai yi gardama ba. Ni da taubashina muka sauke giyar, na sa sabon kuloci, muka mayar, na ɗaure shidan ƙasa. Sannan na ɗaga jak har sama, na mayar da ƙarfen tallafi na ɗaure shi tam. Hanyar ta rufe ruf, ba wanda ya lura.

Na fito da noti biyu a tafin hannuna, na sayo sababbi tun daga Rabah. Na je har teburin mai shayi na miƙa masa da hannu biyu, da sandar gaba ɗaya.

“Maigida, aikinka na,” na ce, yadda duk wurin za a ji. “Ƙarami ba shi ruhe aikin babba. Saura biyun sama.”

Ya dube ni, na dube shi. Ya gane, amma ba yadda zai yi. Ladabin da ya ɗaure mini baki shekara takwas da suka wuce, shi na ɗaure shi da shi. Ba zai ce bai iya ba a gaban Kawu da direbobi. Ya tuɓe riga ya karɓa.

Ya fara da sandar, ya shiga ƙarƙashi yana ta zungurin ƙarfe, ba hanya. Ya fito ya yar da ita, ya hau kan inji ya kwanta rub da ciki, ƙafafunsa na reto. Notin ya suɓuce ya faɗi cikin yashi. Na ɗauko na hure na goge, na miƙa masa. “Ga shi, Maigida.” Ya sake faɗuwa, na sake miƙawa. Mutane suka fara taruwa, masu kaya a ka ma suna tsayawa. Aka kira azahar, muka je muka yi salla sahu ɗaya da shi, muka dawo ya koma kan injin. Gumi na ɗiga daga gemunsa, bayan hannunsa duk jini. Wani dattijon direba ya matso ya ce mini, “Haba, taimaka mai mana.” Na ce, “Ni in koya ma maigidana aiki? Allah shi tsare ni.” Gaskiya ita ce daɗi nake ji. Duk faɗuwar notin nan sai in ji wani ƙulli ya warware a ƙirjina.

A faɗuwa ta shida ko ta bakwai ya diro daga kan motar, ya yi jifa da sifana ta daki kwanon rumfa.

“Wai mi aka yi da su!” ya daka tsawa. “Shida sun isa! Shekara talatin ina aikin ga, ban taɓa maida biyun sama ba, mota nawa tah hwashe? Guda ɗai!”

Mai shayi ya daina kaɗa cokali. Kawu ya dogara sandarsa ya miƙe a hankali.

“Guda ɗai,” ya ce. “Tawa.”

Maigidana ya waiga. Ya dubi direbobin ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya taimake shi ko da tari. Ya ɗauki rigarsa ya shige bayan rumfa. Ko yau aka ba ni ranar nan zan sake miƙa masa notin, ban taɓa jin tausayinsa ba. Garejin bai kai ƙarshen shekarar ba.

Kawu ya juyo wurina. “Na ji,” ya ce. “Ba kai na ba. Na zalunce ka, Allah shi gahwarta min.”

Idona ya cika da ruwa. Maganar da na yi shekara takwas ina nema ke nan, a gaban kasuwar da aka tozarta ni. Na fara durƙusawa zan kama hannunsa, sai ya ɗaga sandar kaɗan ya tsayar da ni.

“Tsaya. Tsohuwam motata, shi yam maida bakinta bayan ta hwashe. Ke nan ita ma babu su.”

“Babu, Kawu.”

“Ka sani?”

“Na sani.”

Ya nuna ɗansa da haɓa. “Wanga ya hwaɗa min ka sa hannunka ciki, kac ce mai lahiya lau take.”

Na dubi taubashina. Murmushin da yake yi tun da maigidana ya yi jifa da sifana ya ɗauke.

“Shekara bakwai shina bin hanyash Shinaka da ita,” Kawu ya ce, muryarsa ba ta ɗaga ba. “Ka san abin da ka samun wanda motatai tat tsaya can. Kuma kana zamne kana cin kihi da shi.”

Wannan karon ba ladabi ne ya hana ni magana ba, ba ni da abin faɗa ne. Kawu ya jira, ya ba ni lokaci sosai. Sannan ya juya ga ɗansa ya ce, “In ya ƙare, ka sallame shi kamar kowane bakanike.” Ya bi ta cikin mutane ya tafi, suna buɗa masa hanya.

Na ɗauki sandata na koma ƙarƙashin motar. Na kwance ƙarfen tallafi, na sauke jak, na ɗaure su biyun har sai da kafaɗata ta yi ƙara. Na mayar da komai, na mayar da farfela. Da na fito, jama'a sun watse, taubashina yana tsaye jikin ƙofar mota yana kallon titi.

“Malam,” ya ce, “an ƙare?”

Na ce an ƙare.